Hanyar Shiga Yamai da Ƙoramar Sorai

Cikin watan Agusta na shekara ta 2024 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a kewayen Yamai. Ƙoramar Sorai, wadda take gabas da birnin kaɗan, ta cika ta batse, ta haye bisa kwalta. Hanya ta yanke. Motocin da suka taso daga Doso, Ƙonni, Tawa, Maraɗi da Damagaram suka jeru a bakin ruwa, direbobi suka kashe inji. Matafiya suka sauko, kowa da kayansa a ka, ana jiran kwalekwale ya yi fito da su. Ta wajen Dunga ma ruwa ya ci hanya. Motocin mai da suka ɗauko kaya daga matatar Damagaram suka tsaya cik, cikin birni kuwa aka shiga layin neman mai. Sai da aka yi kwanaki kafin motoci su koma wucewa.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kada wani ya ce wannan ai matsalar mutanen birni ce. Wanda ya taɓa lodin albasa a Galmi ya san abin da kwana uku a bakin hanya suke yi wa buhu. Wanda ya taɓa sa raguna cikin kamiyo ya san dabba ba ta jimre tsayuwa babu ruwa babu ci. Hanyar nan ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, daga Damagaram wajen 900. Mota sai ta cinye wannan tafiya duka, ga fitilun birni tana hange, ƙorama guda ta tsai da ita.

Birni ya yi girma, ƙofa ba ta ƙaru ba

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, mutanen Yamai ba su wuce kamar dubu 30 ba. A ƙidayar 1988 sun kai wajen dubu 400. A ƙidayar 2012 sun zarce miliyon ɗaya. Farin 1973 da na 1984 sun koro mutane da yawa daga karkara, kuma da yawansu ba su koma gida ba. Kowane ɗaya daga cikinsu yana cin hatsi, yana ƙona itace, yana fita da safe neman abinci, ya komo da marece. Duk bisa hanya ake yin wannan.

Da can, mai son ƙetare kogin Isa sai ya shiga jirgin fito. A ƙarshen 1970 aka buɗe gadar Kennedy, mai tsawon mita 710. Shekara 40 ita kaɗai ce gada a birnin. Mota da babur da keke, raƙumi mai kayan kara, jaki da amalanke, masu tafiya a ƙasa, duk a kanta suke gwamutsuwa. A 2011 aka buɗe gada ta biyu, wadda ƙasar Sin ta gina. A 2021 aka buɗe ta uku, mai sunan Janar Seyni Kunce. Cikin gari an yi gadojin sama a manyan mararraba: ta Mali Bero a 2013, ta Diori Hamani kusa da kasuwar Katako a 2018. A 2019, da za a yi taron shugabannin ƙasashen Afirka, aka shimfiɗa hanya mai faɗi, wajen kilomita 9, daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar birni.

An yi aiki, ba a musu. Amma a duba da kyau: yawancinsa cikin gari ne. Gadar sama tana sauƙaƙa wa mai mota. Mai tura kura, da mace mai tallar nono, da yaro mai zuwa makaranta, su sai dai su tsaya a bakin kwalta suna neman inda za su gitta. Kuma mutanen birnin da yawa ba su da mota. Ƙafa ce motarsu, ko babur, ko ƙananan motocin haya da ake kira faba-faba.

Akwai kuma zancen dogo. A 2014 aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140. A farkon 2016 aka yi bukin gama ta. Nufin shi ne ta wuce Gaya ta haɗu da dogon Benin a Paraku, kaya su riƙa zuwa daga bakin teku ba tare da manyan motoci sun farfasa kwalta ba. Gardama ta tashi a ɓangaren Benin har ta kai gaban shari'a, aikin ya tsaya. Jirgin bai taɓa shiga jigilar yau da kullum ba. Amma filayen da dogon ya bi ta kansu, an riga an karɓe su.

Yadda ake tsara hanya

Ba a wayi gari kawai a kawo katafila ba. Abu na farko, ƙidaya. Ana zaunar da ma'aikata a bakin hanya da takarda da alƙalami, dare da rana, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. Suna rubuta ƙananan motoci nawa suka wuce, kamiyo nawa, babur nawa. Ana auna nauyin manyan motoci, don su ne ke kashe hanya. Kamiyo ɗaya da aka yi wa lodi fiye da ƙa'ida yana yi wa kwalta ɓarnar da dubban ƙananan motoci ba su yi ba. Daga nan sai injiniyoyi su yi lissafi: nan da shekara 15 ko 20, motoci nawa za su bi nan?

Sa'annan a jera dabaru a gwada su. A faɗaɗa tsohuwar hanya? To, sai an rushe rumfuna da gidajen da ke bakinta. A yi sabuwa ta kewaye gari, manyan motoci su daina ratsa kasuwa? To, sai an bi ta gonaki. A ƙara manyan motocin haya don mutum 60 su shiga mota guda maimakon kowa ya hau babur? Ko a bar abin yadda yake? Har wannan ma ana lissafa shi, don barin abu ma yana da tsadarsa. Kowace dabara akwai wanda za ta amfana, akwai wanda za ta taɓa.

Wani abu da ya kamata a faɗa: mai ƙidaya yakan ga mota, amma ba kullum yake ganin garke ba. In an yi ƙidaya cikin rani, ba za a ga shanun da ke gitta wurin a farkon damana ba, lokacin da suke hawa arewa, ko bayan girbi in suna komowa. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ba ya shiga zanen hanya.

Binciken muhalli

Muhalli shi ne duk abin da ke kewaye da mutum wanda rayuwarsa ta rataya a kai: ƙasa, ruwa, iska, itatuwa, dabbobin gida da na dawa. Tun 1997 Nijar ta sa doka cewa babban aiki sai an bincika abin da zai yi wa muhalli kafin a fara shi. Babbar dokar muhalli ta 1998 ta ƙarfafa wannan, dokar 2018 kuma ta sabunta shi. Akwai ofishi a Yamai, ana kiransa BNEE, ƙarƙashin ma'aikatar muhalli, shi ke duba takardun binciken. Ayyuka aji-aji ne, babbar hanya tana cikin waɗanda ake yi wa bincike mai zurfi. Masu bincike su bi layin hanyar tun daga farko har ƙarshe, su rubuta abin da ke nan yanzu, su faɗi abin da aikin zai ɓata, su faɗi yadda za a kauce wa ɓarnar, ko a rage ta, ko a biya ta. Sai an yarda da takardar sa'annan minista ya ba da shaidar a fara aiki.

Daga cikin abubuwan da ake dubawa, babu kamar ruwa.

Hanyar kwalta ba a shimfiɗa ta daidai da ƙasa. Ana tara mata jar ƙasa, a daddaɓe, ta yi tudu. Ke nan kowace hanya shinge ce ga ruwa. In an yi ruwan sama, ruwan da a da yake bazuwa cikin gonaki ya tafi a hankali, yanzu sai ya zo ya tarar da bango. Don haka ake barin masa ƙofofi a ƙarƙashi, wato kwalbati ko ƙaramar gada. In ƙofar ta yi kaɗan, abu biyu ke faruwa. Ta sama ruwa ya taru ya kwanta cikin gero, ko ya shiga gidaje. Ta ƙasa kuma ya fito da ƙarfi ta baki ɗaya, ya haƙe gonar da ke gabansa, shekara uku sai ka ga kwazazzabo inda da ake noma. In kuwa ruwan ya fi ƙarfin ƙofar gaba ɗaya, sai ya haye bisa hanyar, ya ci gefenta, ya tafi da ita.

Ga ɗan lissafi, kowa ya gwada a allo. Kuna ji a rediyo an ce an samu ruwa milimita 50 a gari kaza. Milimita 50 bisa hekta ɗaya, lita dubu 500 ke nan. In aka zuba shi cikin ganga mai cin lita 200, sai an cika ganga 2,500. Wannan hekta ɗaya ce tak. In ƙasar jigawa ce, ko daji mai sabara da geza da ciyawa, yawancin ruwan nan ƙasa za ta shanye. In fako ne, mai tauri kamar daɓe, mafi yawansa gangarawa zai yi. Ƙorama kuwa ba hekta ɗaya ke zuba mata ba, dubbai ne.

To, tuddan da ke kewaye da Yamai da can daji ne. Fari ya kashe wani, gatari ya ɗauke wani, don birnin da itace yake dafa tuwo. Kowace safiya motoci da raƙuma da jakuna suna shigo da shi ta hanyoyin nan. Inda aka sare, ƙasa ta tsiraita, ta zama fako. Masana ruwa sun daɗe da lura da wani abin mamaki: bayan shekarun fari, ƙoramu sun riƙa kawo ruwa fiye da na da, ko a shekarar da ruwan sama bai kai na da ba. Ba sama ce kaɗai ta canza ba, ƙasa ce ta daina sha. Shi ya sa kwalbatin da aka auna shekara 40 da suka wuce, ya ishi ƙoramar wancan zamani, amma bai ishi ta yau ba. Hanyar da ta sauƙaƙa ɗauko itacen, ita ce ruwan ya komo ya yanke.

Ƙoramun nan ba ruwa kaɗai suke kawowa ba, har da rairayi. Suna toshe kwalbati da shi, suna juye saura cikin kogi. Shi kuma kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai. Akwai cikar sanyi, ruwan da ya taso tun daga ƙasar Gini. Akwai kuma cikar damana, jan ruwa, wanda rafuka irin su Sirba ke kawowa daga yamma. A ma'aunin Yamai, in ruwa ya kai santimita 620 ana cewa an shiga babban haɗari. A watan Satumba na 2020 ya kai wajen 700. Shingen da ke tare kogi ya fashe, unguwar Lamorde ta nutse, fadamun shinkafa na Saga suka cika. A 2024 kuwa ambaliya ta game ƙasa duka: mutum kusan 400 suka rasu, fiye da miliyon ɗaya da rabi abin ya shafa. Mutanen Maraɗi da na Damagaram ba sai an ba su labari ba.

Don haka injiniyan da ya auna faɗin ƙorama kawai ya tafi, rabin aiki ya yi. Sai ya hau tudun da ruwan ke fitowa ya gani. Wani lokaci maganin gada yana can kilomita 10 daga gadar: rabin wata, tassa, jeren duwatsu, barin sabara ta tofo. Aikin da manoman Tawa da Keita suka daɗe suna yi a fakonsu, shi ne dai wannan. Kuɗinsa bai kai na kankare ba, amma sau da yawa shi ake mantawa in ana rabon kuɗin hanya.

Itatuwa da ramuka

Bayan ruwa sai itatuwa. Masu bincike suna ƙidaya duk itacen da ke cikin layin hanya, iri-iri: gawo nawa, aduwa nawa, dogon yaro nawa. Dokar daji ta 2004 ta kare wasu itatuwa, ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Ana rubuta cewa mai aikin zai dasa wasu madadinsu. Rubutawa ba wuya. Amma gawon da ya shekara 50 yana zuba wa gona taki, yana ba awaki ƴaƴa cikin rani, ba a musanya shi da ɗan tsiro cikin leda wanda babu mai ba shi ruwa. Abin tambaya a nan: wa zai yi ban ruwa, wa zai yi shinge, har shekara nawa?

Yamai tana da abin misali. Tun 1965 aka fara dasa mata ɗamarar itatuwa ta arewa da gabas, tsawon wajen kilomita 25, faɗin kamar kilomita ɗaya, yawanci dogon yaro, don ta tare iska da ƙura. Shekaru aka yi ana wannan dashe. Da birni ya matso, sai aka riƙa yanka filaye a cikinta, gidaje suka tsiro inda itatuwa suke. Haka hanya take: duk inda ta bi, fili ya yi tsada, masu awon filaye su biyo bayanta. Mai gona a bakin gari yakan ga kuɗi a hannu rana ɗaya, damana ta zo ba shi da inda zai sa iri.

Sai ramukan da ake ɗibar jar ƙasa da tsakuwa. In an gama aiki, doka ta ce a gyara wurin. Wani ramin in aka gyara bakinsa ya yi gangare, yakan zama tafki, dabbobi su sha har bayan kaka. Wani kuwa in aka bar shi da baki a tsaye kusa da gari, ya zama gidan sauro, yara su tafi wanka a rasa wani. Mutanen gari ne za su faɗi wanda suke so tun ana taro, ba bayan motocin aiki sun tafi ba. Haka zancen ƙura, da ruwan da kamfani zai ɗiba: daga rijiyar gari ne, ko zai haƙa tasa ya bar wa gari in ya gama?

Har raƙuman dawa suna da nasu rabo. A Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai bisa wannan hanya, akwai garken da ya saura a Afirka ta Yamma duka. A 1996 saura 49 kawai. Da aka tsare su, sun haura 600, har a 2018 aka ɗauki 8 aka kai dajin Gadabeji cikin jihar Maraɗi. Suna gitta kwalta, kuma mota ta sha kaɗe su. Hanya mai santsi tana sa direba gudu.

Ranar taro

Doka ta ce a saurari mutanen da aikin zai shafa. Ana aiko da sanarwa ta hannun parfe, da meri, da sarakuna da masu gari. Nan ne ake yawan yin sakaci. Wani ya ce yana da shara a gona. Wani ya ce manya sun riga sun gama magana, zuwansa ba ya ƙara kome. Makiyayi yana can dawa, ba wanda ya kai masa labari. Mata suna gida, alhali su ne ke gitta hanyar sau huɗu a yini zuwa rijiya. Sai a rubuta cewa an yi taro, jama'a sun yarda.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya yana da na'ura, amma bai kwana a garin ba daren da ƙorama ta kawo. Tsohon da zai kama hannunsa ya kai shi gindin tsamiya, ya nuna masa inda ruwa ya tsaya a shekarar babbar ambaliya, ya ba shi abin da babu a takarda. Arɗo ko rugga ya nuna inda burtali ya gitta, ya nemi a sa alama, a sassauta gangaren hanya a wurin don shanu su iya hawa su sauka. Dokar makiyaya ta 2010 ta ce yawon kiwo hakki ne, burtali kuwa na jama'a ne, ba a toshe shi. Uwaye su nemi tudun rage gudu a gaban makaranta da kasuwa da gidan likita. Kuma duk abin da aka faɗa, a ce a rubuta shi, a karanta wa jama'a kafin maigari ya sa hannu. Wanda ya yi yaƙi da jahilci, ranar nan ce karatunsa zai yi wa garinsu rana.

Game da gona: dokar 1961, wadda aka gyara a 2008, ta yarda gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, amma sai ta biya diyya daidai, kuma kafin a karɓa. Ana zuwa a ƙidaya gonaki, gidaje, rumbuna, rijiyoyi da itatuwa masu ƴaƴa. Ranar ƙidayar nan mai abu ya tsaya da kansa, ya ga an rubuta sunansa daidai, da faɗin gonar, da yawan itatuwan. Abin da aka gina bayan an rufe ƙidaya ba a biyansa, kada kowa ya ɓata kuɗinsa. Wanda yake noma gonar aro ko ta jingina, shi ma ya sa a rubuta shi, don amfanin da ke cikin gonar nasa ne.

Dokar karkara ta 1993 ta ce gonar gado da gonar takarda duk ɗaya suke a gaban shari'a. Amma ranar biya, mai takarda ya fi saurin sallama. Akwai hukumar filaye, wadda ake kira Kofo, a gari da komin da departama. Ana samun takardar shaidar gonar gado a can, da sa hannun maigari da shaidu, kuma tun ba a ji ƙarar katafila ba ya kamata a nema.

Mutanen jihar Maraɗi su ne abin ya fi kusa da su. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin dogon da zai taso daga Kano, ya bi Katsina da Jibiya, ya ƙare a Maraɗi, wajen kilomita 284. Ƙasar da ke tsakanin iyaka da Maraɗi ƙasar noma ce mai yawan jama'a, ga burtalai, ga gulbi da ƙoramun da ke zuba cikinsa. Dogo ma bisa tudu ake ɗora shi, kamar kwalta, kuma garke ba ya haye shi sai inda aka bar masa mashiga.